Yadda Ake Gwada Tasirin Haske a Kan Fumfunar da Ke Yin Fenisilin

Ka ɗauki fumfuna iri ɗaya ka shuka a faranti biyu, rana ɗaya, a kan abinci ɗaya. Ɗaya ka ajiye ƙarƙashin fitila, ɗayan ka kulle shi a duhu. In Aspergillus nidulans ce, bayan kwana biyar zuwa bakwai farantin haske zai fito kore shar, ƙurar iri ta lulluɓe shi. Na duhu kuwa korensa kaɗan ne, ya yi fatsi-fatsi, in ka kai shi ƙarƙashin maikuroskof za ka ga ƙananan ƙwallaye masu duhu sun cika shi. Ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, babu abin da ya ƙaru ko ya ragu. Abin da ya sauya shi ne waɗanda aka kunna da waɗanda aka kashe. Furotin ɗin da ke wannan kunnawa da kashewa kuma su ne dai ke da hannu a yawan fenisilin da fumfunar ke fitarwa.

Gwajin da sauƙi a baki. A aikace abubuwa uku ne suka fi ɓata shi: duhun da bai cika duhu ba, fitilar da ta zo da zafi, da farantin da aka toshe wa iska. A kansu zan fi daɗewa. Ga yadda nake yin aikin, kuma haka nake koya wa masu farawa.

Kayan da za ka tanada

Fumfunar kanta. Ga mai farawa na fi son Aspergillus nidulans, domin tana yin fenisilin, tana girma da sauri, kuma bambancin haske da duhu a jikinta ido ma yana gani. Ta biyu ita ce Penicillium chrysogenum ta masana'antu. A sabbin takardu za ka riƙa ganinta da sunan Penicillium rubens, tun da a 2011 aka nuna cewa wadda Alexander Fleming ya gani a Landan a 1928, da zuriyar wadda aka samo a Peoria ta Amurka a 1943, duk wannan jinsin ne.

Farantan Petri masu faɗin santimita 9, aƙalla 40, duk ƙirar kamfani ɗaya.

Fitilun LED: fara, shuɗiya mai tsawon zango kusan nanomita 450, da ja mai nanomita 680 zuwa 700. Sai ƙaramar fitila koriya mai rauni don aiki a duhu.

Akwatuna huɗu masu girma ɗaya, baƙin fenti marar ƙyalli ko baƙar takarda, baƙin tef, guntayen bututun roba, ma'aunin zafi ɗaya ga kowane akwati, da ma'aunin haske.

Inkubeta, otokilef ko tukunyar matsin tururi, fifet mai auna maikurolita, Tween 80, gilashin ƙirga na Neubauer, maikuroskof, rula, da ƙarfe mai faɗin santimita 1 na huda aga, wato sinadarin da ke daskarar da abincin faranti.

Don auna fenisilin: bakteriya mai saurin mutuwa da shi, kamar Micrococcus luteus ko Bacillus subtilis, garin fenisilin tsantsa, inzayim ɗin fenisilines mai lalata fenisilin, matata mai ramin maikuromita 0.22.

Don ƙwayoyin gado: ruwan naitirojin, ƙaramin turmi da taɓaryarsa, kayan ciro RNA, wato kwafin da ƙwayar gado ke fitarwa in an kunna ta, da na'urar qPCR mai auna yawansa. In babu waɗannan, a tsallake mataki na 8, sauran matakan sun isa gwaji cikakke.

Safar hannu, takunkumi, rigar ɗakin gwaji. Wannan ba na ado ba ne. Aspergillus nidulans tana yin wata guba, sterigmatocystin, wadda daga ita wasu fumfunoni ke ƙera aflatoksin, gubar da ke ɓata gyaɗa da masara. Mai rashin jituwa da fenisilin, mai asma, da mai raunin garkuwar jiki kada su taɓa wannan aiki. Ruwan da fumfunar ta fitar ba magani ba ne. Ba a sha, ba a shafawa a ciwo, ba a ba dabba.

Mataki na 1: Tabbatar fumfunarka tana jin haske

Nan ne kaɗai zan ɗan tsaya a kan bayani, domin in ba ka gane shi ba za ka iya ɓata wata guda a banza.

Aspergillus nidulans tana da furotin masu karɓar haske. FphA shi ke jin ja. Dangin fitokurom ne, furotin mai jin jan haske da aka fara ganowa a tsirrai, kuma ƙungiyar Reinhard Fischer a Jamus ce ta bayyana aikinsa a 2005. LreA da LreB su ke jin shuɗi, takwarorin WC-1 da WC-2 na fumfunar Neurospora crassa. Saƙon da suka karɓa yana biyawa ta kan wani furotin mai suna VeA. A duhu VeA yakan shiga cibiyar tantani, inda ƙwayoyin gado suke, tare da wani furotin VelB, a can su tarar da na uku, LaeA, su haɗe wuri ɗaya. An wallafa wannan haɗin a mujallar Science a 2008. Haɗin nan ne ke karkata fumfunar zuwa hayayyafa ta jinsi, wato waɗancan ƙwallaye da ake kira kilistotisiya, kuma shi ke da iko a kan rukunonin ƙwayoyin gado da ke ƙera sinadarai irin su fenisilin da sterigmatocystin. A haske kuwa VeA kaɗan ne ke shiga cibiya, saura ya tsaya a waje. Sai ƙwayar gado brlA ta samu sarari, ta ta da abaA da wetA, a fara gina sandunan da ke ɗauke da koriyar ƙurar iri.

To ga tarkon. A 1965 Etta Käfer ta ware wata zuriya mai tawaya a veA, ƙwayar gadon da ke ƙera VeA, ana ce mata veA1. Furotin ɗinta ya rasa amino asid 36 na farko, ba ya taruwa a cibiya yadda ya kamata, don haka tana zuba ƙurar iri ko a haske ko a duhu. Masu bincike sun so ta saboda sauƙin aiki, suka yi ta fitar da zuriya daga gare ta, har ta cika ɗakunan gwaje-gwaje na duniya. In ita aka ba ka, farantanka duka za su fito kore, ka ce haske ba ya komai.

Saboda haka ka tambayi lambar zuriyar. FGSC A4 ta rumbun Fungal Genetics Stock Center lafiyayyiyar veA gare ta. FGSC A26 kuwa veA1 ce. In ka samu duka biyu ka ci riba, domin A26 za ta zame maka shaida a gefe. In ba wanda ya san lambar, shuka faranti biyu, ɗaya a haske ɗaya a duhu, ka jira kwana biyar ka gani kafin ka kashe kayanka. Haka ma zuriyar Penicillium ta masana'anta: an sha sauya musu gado da gangan da hasken X da na UV don su ƙara fenisilin, kada ka ɗauka za su amsa haske kamar ta daji sai ka gwada.

Mataki na 2: Haɗa akwatunan haske da na duhu

Akwati huɗu: duhu, fari, shuɗi, ja. Shafe cikin kowanne da baƙi, har na hasken, don kada bango ya riƙa mayar da haske a kan farantan gefe. Maƙala fitilar a murfi, nisanta da faranti ɗaya a duka, misali santimita 20. Na duhu ma a ƙera shi daidai da saura, fitila kawai zai rasa.

Iska. Abin da kowa ke fara yi shi ne naɗe farantin duhu da takardar alminiyom tam, a bar na haske a buɗe. Kada ka yi. Ƙarancin iska shi kaɗai yana tura Aspergillus nidulans zuwa yin kilistotisiya; masu son ƙwallayen ma da gangan suke liƙe bakin faranti. In ka naɗe ɗaya ka bar ɗaya, ba ka san ko duhu ka auna ko rashin iska ba. Huda kowane akwati a gefe biyu, ka cusa bututun roba baƙi da aka lanƙwasa sau biyu. Iska za ta bi lanƙwasar ta shiga, haske ba zai bi ba. In alminiyom kawai gare ka, naɗe kwano mai faɗi da farantan ke ciki, ba farantan kansu ba, na haske kuma a sa su a kwano irinsa a rufe da leda mai garai-garai.

Zafi. Ko LED tana ɗumama akwatin da ke rufe. Bar na'urar da ke ba ta wuta a wajen inkubeta, ka kunna fitilun kwana guda babu faranti, ka karanta ma'aunin zafi na kowane akwati. In bambancin ya kai digiri 1, ƙara ramin iska ko ɗaga fitilar. Dalilin tsanantawa a nan shi ne an nuna cewa FphA ɗin da ke jin jan haske yana da hannu wajen jin zafi ma. Ƙwan fitila mai zare kuwa, wanda ke ƙona hannu, a manta da shi.

Duhu. Kunna bidiyo a waya, rage hasken fuskarta, saka ta cikin akwatin ka rufe, sannan ka bi gefuna da bakin bututu da tocila mai ƙarfi. In bidiyon ya nuna ko ɗigon haske, sa baƙin tef. Leƙa cikin inkubeta ma da fitilun ɗaki a kashe. Wasu suna da 'yar jar fitila ƙarama a ciki mai nuna na'urar tana aiki, wasu ƙofar gilashi ce. Wannan 'yar jar fitilar launin da FphA ke ji ne daidai. Liƙe ta.

Ƙarfin haske. Ma'aunin da ya dace shi ne mai ƙirga haske da maikuromol a murabba'in mita a daƙiƙa, da shi za ka daidaita fitilun uku su zo ɗaya. Ma'aunin luks, da manhajar waya da ke kwaikwayonsa, an gina su a kan idon mutum, wanda ya fi ganin kore, don haka suna rage wa ja da shuɗi ƙima. In luks ɗin kawai gare ka, gwajin bai lalace ba. Rubuta irin fitilar da nisanta, ka kwatanta kowane launi da duhu kaɗai. Kada ka ce ja ya fi shuɗi ƙarfi ko akasin haka. In fitila masu launi ba su samu ba, yi fari da duhu kawai. Ya fi a rufe farar fitila da leda mai launi, domin irin wannan leda tana barin wasu launukan su wuce. Hasken taga ma a'a: yana sauyawa kowace sa'a, ga zafi, ga UV.

Mataki na 3: Dafa abinci ka zuba faranti

Ga Aspergillus nidulans, a lita ɗaya ta tataccen ruwa: gulukos giram 10, sodiyom naitiret giram 6, fotasiyom kuloraid giram 0.52, magnisiyom salfet giram 0.52, fotasiyom daihaidurojin fosfet giram 1.52, ruwan ƙananan ma'adanai mililita 1, aga giram 15, a daidaita pH a 6.5. A dafa a digiri 121 na minti 15. In sinadaran ba su cika ba, abincin PDA zai yi: ruwan dafaffen dankalin turawa giram 200, gulukos giram 20, aga giram 15 a lita. Penicillium tana jin daɗinsa sosai. Sai dai dahuwa ɗaya ba ta zama daidai da wata, don haka farantan gwaji guda su fito daga kwalba guda.

Auna mililita 20 a kowane faranti da fifet, kada ka zuba da ido. Kauri in ya bambanta, yawan abinci da saurin bushewa sun bambanta. Kada ka sauya yawan sukari a tsakiyar aiki: an ga cewa tsakanin gulukos kashi 1 da kashi 2 cikin ɗari, yadda haske ke shafar sterigmatocystin yana sauyawa. In abincinka yana da raibofilabin ko ruwan yis, ajiye farantan a duhu kafin shuka, domin haske yana lalata wannan bitamin.

Mataki na 4: Haɗa ruwan iri

Ɗauki faranti mai kwana biyar zuwa bakwai da ya yi kore sosai. Zuba mililita 10 na dafaffen ruwa mai Tween 80 kashi 0.05 cikin ɗari, ka goga saman a hankali da lanƙwasasshen gilashi. Ƙurar irin ba ta jiƙa da ruwa zalla, Tween ɗin ne ke sa ta nitse. Tace ta dafaffiyar auduga ko bandeji ninki huɗu don cire zaren fumfunar.

Girgiza sosai, ɗiga maikurolita 10 a gilashin Neubauer, jira minti biyu irin ya kwanta. A babban murabba'in tsakiya akwai ƙananan gidaje 25. Ƙirga biyar, huɗu na kusurwa da na tsakiya, ka ninka jimlar da 50,000. In ka samu 80, ruwanka yana da iri miliyan 4 a mililita. Sirka shi ya dawo miliyan 1. Irin da ya hau layi, ƙirga na layin sama da na hagu, bar na ƙasa da na dama.

Mataki na 5: Shuka da jerawa

Shuka iri biyu ce. Don auna faɗin girma, ɗiga maikurolita 5 a tsakiyar faranti, bar shi ya bushe kafin ka motsa. Don ƙirga iri da ƙwallaye, baza maikurolita 100 a kan farantin gaba ɗaya, ta yadda ko'ina shekarunsa ɗaya. Faranti biyar a kowane akwati ga kowace irin shuka, kuma a sake gwajin baki ɗaya sau uku da sabon ruwan iri. Rubuta lamba a gefen gindin faranti, ba a kan murfi ba, don rubutun kada ya yi inuwa.

Aspergillus nidulans digiri 37, Penicillium digiri 25. Jera farantan a shimfiɗe, murfi a sama. Kada a ɗora wani kan wani, kada a kifa su kamar yadda aka saba da na bakteriya, in ba haka ba hasken sai ya ratsa aga kafin ya iso. In raɓa ta taru a murfi, alamar fitilar tana ɗumama farantin ce, koma mataki na 2. Kullum ka sauya wa na haske wuri, na tsakiya ya koma gefe.

Akwatin duhu ba a buɗe shi don leƙe. Mintuna kaɗan na haske sun isa su kunna wasu ƙwayoyin gado, musamman bayan sa'a 18 zuwa 20 daga shuka, lokacin da zaren ya kai matsayin amsa saƙon muhalli. In dole ne, kashe fitilun ɗaki, yi amfani da koriyar fitilar nan mai rauni, ka yi sauri. Kada ka yi da ja. Masu aiki da Neurospora sun saba da jar fitila a ɗakin duhu, amma tun 1990 Mooney da Yager suka nuna cewa jan haske ne ke sa Aspergillus nidulans zuba ƙurar iri, kuma jan da ya fi nisa, wajen nanomita 730, yana warware aikinsa. In kana son ganin kowace rana, shuka ƙarin faranti a ƙananan akwatuna daban-daban, wanda ka buɗe ya fita daga gwaji ke nan.

Mataki na 6: Auna girma da hayayyafa

Faɗin girma: ja layi biyu masu giciye a gindin faranti, auna duka biyu, ɗauki matsakaici. Sau da yawa bambancin a nan ƙarami ne, kada ya karya maka gwiwa.

Ƙurar iri, a kwana na uku: yanko guntaye uku da ƙarfen huda daga farantin da aka baza, jefa su a mililita 5 na ruwan Tween, girgiza minti ɗaya da ƙarfi, ƙirga kamar ɗazu. Guntu mai faɗin santimita 1 filinsa kusan murabba'in santimita 0.79 ne, raba da jimlar filin guntayen uku ka samu iri a kowane murabba'in santimita. Ka yanka a wuri ɗaya a kowane faranti, nesa da bango.

Kilistotisiya, a kwana na biyar zuwa bakwai: fesa wa farantin barasa mai ƙarfin kashi 70 don ƙurar da ta rufe su ta kwanta. Ƙarƙashin ƙaramin ƙarfin maikuroskof za ka gan su, baƙaƙen ƙwallaye masu ƙyalli, kowanne kwance cikin sheƙa mai launin rawaya ta tantanin Hülle. Ka ciro ɗaya da allura ka murƙushe a ɗigon ruwa: ruwan zai yi ja-ja mai duhu, irin da ke ciki ya watsu. Duk wanda na koya wa aikin nan nakan sa shi ya yi wannan ko sau ɗaya, domin daga nan ba ya sake rikita ƙwallon gaske da dunƙulen zare. In da hali, wani ya rufe lambobin farantan da tef kafin ka ƙirga, kada son ganin sakamako ya ja hannunka. Penicillium ba ta yin waɗannan ƙwallaye a irin wannan yanayi, ƙurar iri kawai za ka ƙirga.

Mataki na 7: Auna fenisilin

Abincin mataki na 3 ba zai ba ka fenisilin mai yawa ba, saboda gulukos yana danne ƙwayoyin gadon da ke ƙera shi. Ana amfani da laktos. A lita: laktos giram 40, garin ruwan jiƙon masara giram 20, kalsiyom kabonet giram 10, fotasiyom daihaidurojin fosfet giram 7, finoksi-asetik asid giram 0.5, pH 6. Da finoksi-asetik asid fenisilin V za ka samu, da finail-asetik asid kuma fenisilin G. Wanda ka zaɓa, shi za ka nemo tsantsarsa don awo.

Zuba mililita 20 kawai a kwalbar mililita 250. Abincin ba garai-garai ba ne, in ya yi zurfi haske ba zai ratsa ba. Shuka adadin iri ɗaya a kowace, girgiza sau 250 a minti a digiri 25 zuwa 26, ko da Aspergillus ce, domin a 37 fenisilin yana raguwa kuma yana saurin lalacewa. Kwalaben duhu a naɗe jikinsu da alminiyom ninki biyu, a yi wa toshiyar auduga hula sakwa-sakwa, na haske ma a yi musu hular. Kwalba daban ga sa'a 24, 48 da 72.

Tace ruwan da matata, ajiye a ƙanƙara, auna a ranar ko ka daskarar. Zaren da ya rage a busar a digiri 60 zuwa 80 har nauyinsa ya tsaya, a auna.

Narka abincin bakteriya, bari ya huce zuwa digiri 45, gauraya bakteriyar a ciki, zuba a faranti. In ya daskare, huda ramuka, zuba maikurolita 100 a kowanne. A faranti guda a sa samfurin haske, na duhu, da fenisilin tsantsa mai ƙarfi sananne, misali maikurogiram 0.5, 1, 2, 4 da 8 a mililita, a rarraba a farantai. Sa a firji sa'a biyu maganin ya bazu, sannan inkubeta a digiri 30 na sa'a 18 zuwa 24. Kewaye da kowane rami za ka ga da'ira garai inda bakteriya ba ta tsiro ba. Auna faɗinta. Zana faɗin da'irar tsantsar a kan logarizim na ƙarfinta, layin zai miƙe, daga shi ka karanta samfuranka. Wanda da'irarsa ta wuce ta 8, sirka shi ka sake.

Abu biyu kada su wuce ka. Na farko, rami ɗaya a zuba samfurin da aka gauraya da fenisilines. In da'irar ta ɓace, fenisilin ne. In ta tsaya, wani sinadarin ne ko tsamin ruwan ke kashe bakteriyar. Na biyu, raba yawan fenisilin da nauyin busasshen zare. Kwalbar da ta fi girma za ta fi magani ko da haske bai taɓa ƙwayar gado ko ɗaya ba.

In babu na'urar girgiza, ƙara aga giram 15 a wannan abincin, shuka a faranti, bayan kwana huɗu ko biyar yanko guntaye masu girma ɗaya ka ɗora a kan farantin bakteriya. Bar su sa'a huɗu a firji, cire su, sannan ka kai inkubeta. In ka bar su a kai, fumfunar za ta ci gaba da yin magani a wani yanayin da ba naka ba. Wannan hanya tana nuna wanda ya fi, ba ta ba da ainihin adadi.

Mataki na 8: Duba ƙwayoyin gado

Fara da tabbatar da cewa haskenka ya isa cibiya. Zuba abincin mataki na 3, ba aga, mililita 10 a ƙananan faranti, shuka iri a saman ruwan, bar su sa'a 18 a duhu a digiri 37 ba girgiza. Zare zai yi siririyar fata a sama. Haska wasu na minti 15 ko 30, bar wasu a duhu. Ƙarƙashin koriyar fitila ɗago fatar, matse a takarda, jefa a ruwan naitirojin nan take. Tsakanin ɗagowa da daskarewa kada a kai minti ɗaya, kuma na duhu a fara kwashewa.

Niƙa a turmi mai sanyi, kada ya narke. Ciro RNA, wanke ragowar DNA da inzayim ɗin DNase, duba tsabta: awon hasken da samfurin ke sha a nanomita 260 a kan na 280 ya zo kusa da 2. Mayar da adadi ɗaya na kowane samfuri zuwa cDNA, wato kwafin DNA na RNA ɗin, ka yi qPCR. Nemi ccgA da conJ, waɗanda haske ke ɗagawa da ƙarfi cikin mintuna, sannan brlA. Wani bincike na 2011 ya gano ƙwayoyin gado sama da 400 da ke tashi da sama da 100 da ke sauka bayan ɗan gajeren haske, kusan kashi 5 cikin ɗari na gadon fumfunar. In ccgA ɗinka ba ta motsa ba, ko duhunka ya yoyo ko fitilarka ta yi rauni.

Na fenisilin uku ne a jere: acvA, ipnA da aatA a Aspergillus, waɗanda a Penicillium ake kira pcbAB, pcbC da penDE. Ta farko tana haɗa amino asid uku, amino-adifik, sistin da balin. Ta biyu tana naɗe su su zama aisofenisilin N. Ta uku tana musanya gefen ƙwayar a samu G ko V. RNA ɗinsu a ɗebo daga kwalaben mataki na 7, sa'a 24 da 48, domin a abincin gulukos a danne suke. Haɗa da veA da laeA. Daidaita komai da ƙwayoyin gado biyu da ba sa motsi, kamar ta aktin da ta histon H2B, bayan ka duba cewa su ma haske bai taɓa su ba, sannan ka yi lissafin delta-delta Ct, wanda ke nuna sau nawa ƙwayar gado ta tashi ko ta sauka a haske in an kwatanta da duhu.

Mataki na 9: Karanta abin da ka samu

A lafiyayyiyar Aspergillus nidulans, haske ya kamata ya ba da ƙurar iri mai yawa da ƙwallaye kaɗan, duhu ya ba da akasin haka. Ja kaɗai ko shuɗi kaɗai sukan yi wani ɓangare na aikin, farin da ya haɗa su ya fi kowanne. A Penicillium ma ƙurar iri ta fi a haske. Ƙungiyar Ulrich Kück a Bochum ta Jamus ta nuna a 2010 cewa in aka cire velA, takwarar veA, wannan bambanci yana ɓacewa, fenisilin kuma ya ragu sosai.

Fenisilin shi ya fi buƙatar haƙuri. Haske yana taɓa shi ta kan VeA da LaeA, amma sukari, pH, iska da zafi duk suna da murya a kan waɗannan ƙwayoyin gado uku, ga shi a cikin ruwan da ake girgizawa haske kaɗan ne ke isa zare. Kada ka yi tsammanin su ukun za su tashi ko su sauka tare: a 2003 an ga cewa cire veA a Aspergillus nidulans ya rage acvA amma ya ƙara ipnA, fenisilin ɗin kuma ya ragu. Haka nan ganin RNA na veA bai sauya ba ba ya nufin VeA bai amsa ba, tun da babban abin da haske ke sauyawa shi ne inda furotin ɗin yake zaune, kuma qPCR ba ta ganin wannan. Rubuta kowane adadi da matsakaicinsa da faɗin bambancin maimaici. Bambancin da ya bayyana a gwaji ɗaya ya ɓace a sauran biyun, ba a kai shi rahoto a matsayin tasirin haske.

In farantanka duka sun fito iri ɗaya, bi wannan jerin: zuriyar veA1 ce? Akwatin duhu ya yoyo? An buɗe shi? In kuwa duka, har na haske, sun cika da ƙwallaye, iska ce ta yi kaɗan.

Wannan tsari zai yi maka aiki da Acremonium chrysogenum mai yin sefalosforin C, wani maganin bakteriya ɗan uwan fenisilin, wadda Giuseppe Brotzu ya samo a Sardiniya ta Italiya a 1945. Ita ma tana da tata veA mai iko a kan ƙwayoyin gadon maganin da kuma yadda zarenta ke kakkaryewa. Sai dai girmanta a hankali ne, ka ƙara kwanaki, kuma tsantsar awo da bakteriyar gwaji dole su dace da sefalosforin.

Mataki na 10: Kawar da kaya

Faranti, kwalabe, auduga, bakin fifet da safar hannu, duk a jaka mai jure zafi, a dafa a digiri 121 na minti 30 kafin a zubar. Kada a buɗe farantin da ya yi kore a tsakiyar ɗaki. Zafi yana kashe fumfunar amma ba lallai ya lalata sterigmatocystin ba, don haka kwalabe da ragowar ruwan Aspergillus a jiƙa su a bilic kwana guda kafin wanki. Ruwan da ke ɗauke da fenisilin ba a zuba shi a magudana ɗanye, domin yana koya wa bakteriyar da ke can jure magani. Goge cikin akwatunan huɗu da barasa mai kashi 70, bar su su bushe a buɗe, ka sake gwajin bidiyon waya kafin zagaye na gaba, saboda tef yakan ɗago da zafin inkubeta.